Hotunana suna fita tas amma ba su da rai: ido baiwa ne ko koyonsa ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Shekara guda ke nan da na sayi kyamara. Na koyi saita ta, hotunana suna fita tas, babu dishi-dishi. Amma in na ajiye su kusa da na manya sai in ga nawa ba su da rai. Ana ce mini wai sai mutum yana da ido. Shin idon nan baiwa ne ko koyonsa ake yi? Kuma ina tara kuɗin sayen dogon gilashi mai zuƙo nesa, ko shi ne maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Koyonsa ake yi. Akwai waɗanda Allah ya ba saurin kamawa, kamar yadda a makarantar allo za ka ga yaro ya riga sa'o'insa hadda, amma ban taɓa ganin wanda aka haifa da idon a kammale ba. Na kuma ga masu jinkiri da yawa da suka zo daga baya suka wuce masu saurin, don su ba su raina maimaici ba.

Bahaushe bai tara kalmomin gani a banza ba. Akwai gani, akwai kallo, akwai dubawa, akwai hange da leƙe, akwai ƙura ido, sannan akwai lura. Duk mai lafiyar ido yana gani. Jama'ar da ta cika ƙofar fada ranar hawa tana kallo. Amma bayan an watse, tambayi ɗaya daga cikinsu ta wane ɓangare rana take dukan fuskar dokin da ya fi burge shi, sai ya yi maka shiru. Sana'armu a wurin lura take, kuma lura tana da wuya saboda yadda aka halicci idon kansa.

Miƙe hannunka gaba ka ɗaga babban yatsa. Faɗin farcen nan, kusan shi ne iyakar abin da idonka yake gani tar a lokaci guda. Duk abin da yake gefe dishi-dishi ne. Abin da ya sa ba ka ankara shi ne ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle kamar sau uku a kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuma tana harhaɗa gutsattsarin ta miƙa maka kamar abu guda. A wurin harhaɗawar take nuna son kai. Abin da ka damu da shi ta girmama shi, wanda ba ka damu da shi ba ta share. Da zarar ta ba abu suna, ta ce wannan Baba ne, wancan doki ne, to ta sallame shi, ta daina dubawa. Ita kuwa kyamara ba ta san Baba ba. A wurinta Baba da butar da ke bayansa da igiyar shanya duk darajarsu ɗaya, haske ne da inuwa a kan shafi mai kusurwa huɗu.

A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna. Ana cikin haka wata sanye da kayan goggon biri ta ratso ta tsakiyarsu, ta tsaya ta bugi ƙirji, ta wuce. Kusan rabin masu ƙirgar ba su gan ta ba sam. Idonsu lafiya lau. Kai ma haka kake yi duk lokacin da ka ɗora ido a kan fuskar amarya ka danna.

Ni ma na yi, kuma na biya. Zamanin da nake yaron shago, fim ake sa wa kyamara, mai ɗauka 36, ba ka ganin abin da ka yi sai an wanko. Bikin farko da maigidana ya tura ni ni kaɗai, na tsayar da ango a gaban rumfa, na yi ta ɗauka ina jin daɗin kaina. Da aka wanko bayan kwana biyu, sai ga turken rumfar ya tsiro daga tsakiyar hularsa, a hoto kusan goma. Maigidan bai yi faɗa ba. Ya jera su a kan tebur, ya sa yatsa a kan turken, ya ce, "Wannan wa ya gayyace shi?" Daga ranar ya kafa mini doka: kafin in danna, sai idona ya zagaya kusurwa huɗu na abin da nake leƙawa, ya duba bayan mutum, sannan ya dawo kan fuska. Da farko abin yana cin lokaci har masu biki su ƙosa. Bayan wata shida sai ya zama ƙiftawar ido.

Abu na biyu da ya koya mini ya fi wannan ban mamaki. In na kawo hoto ina yabon kaina, sai ya juya shi, kai ƙasa ƙafa sama, ya ce in sake dubawa. In hoto yana kife haka, ƙwaƙwalwa takan kasa saurin ba abubuwa suna, sai ka fara ganin abin da yake nan da gaske: farin gini a gefe da ya fi fuskar haske, layin katanga da ya karkace, rabin shafin da babu komai a ciki. Tsofaffin masu hoton fasfo, masu akwatin katako da baƙin ƙyalle da suke lulluɓa a ka, kullum a kife suke ganin wanda suke ɗauka, don haka gilashi yake kawo hoto. Ina zargin wannan na cikin abin da ya sa tsarin hotunansu ya fi na yawancinmu nutsuwa. Kifewar nan kuwa ba sabon sani ba ne. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi zamansa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa, ya kuma kafa hujjar cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido. Kalmar kyamara ma daga sunan ɗaki ta samo asali a Latin. Gwada da wayarka yau: buɗe hoton da ka fi so a cikin naka, ka juya shi.

Sai batun haske, wanda a nan zan daɗe, don a nan yawancin matasanmu suke ɓata. Masu darussan da kake kallo a YouTube galibi suna zaune ne a arewacin duniya. Landan tana wajen digiri 51 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen 12. Can rana a karkace take tafiya, ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta faɗi, sai su sami dogon lokaci na haske mai laushi. Mu nan rana a miƙe take hawa, a miƙe take sauka. Daga fitowarta zuwa ɗagawar hantsi ɗan lokaci ne, haka daga la'asar sakaliya zuwa almuru. Wanda ya ce bari ya gama shan shayi ya fito ya rasa. Da tsakar rana kuwa haske daga tsakiyar ka yake zubowa, kwarmin ido ya zama baƙin rami, hula ko rawani ya yanka fuska biyu, goshi ya yi ƙyalli.

To amma muna da abin da ba su da shi. Zaure situdiyo ne da kakanninmu suka gina ba da niyyar hoto ba. Ƙofa ɗaya, ciki duhu, waje rana tana dukan ƙasa tana dawo da haske sama a hankali. Zaunar da dattijo taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofar, ta ciki, ya ɗan ba ta gefen fuskarsa, kai kuma ka tsaya ta yadda duhun zauren zai zama bayansa. Ba filasha, ba fitila. Za ka ga kowane layi na fuskarsa ya fito, da ɗigon haske a ƙwayar idonsa. Matsar da shi taku ɗaya ciki, ka ga yadda abin ya sauya. Juya shi ya fuskanci ƙofar sosai, ka ga yadda fuskar ta baje ta rasa zurfi. Awa guda a zaure da mutum mai haƙuri ta fi maka bidiyo ashirin. Ƙarƙashin rumfar kasuwa ma haka ne, da inuwar farar katanga. Hazon hunturu kuwa, wanda kowa yake kuka da shi daga Disamba zuwa Fabrairu, labule ne aka rataya wa rana kyauta: inuwa ta yi laushi, nesa ta dushe, mutum ya fito daga bayansa kamar an zana shi. Sai dai kada ka kwance gilashi a waje a lokacin, ƙura za ta shige maka ciki. Bayan an ɗauke ruwan sama da damina akasin haka ne, iska ta wanku, launi ya yi kauri, kowane kududdufi ya zama madubi.

Akwai kuma matsalar da take tamu ta musamman, farar shadda da baƙar fata. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da ruwan toka, tsaka-tsaki. In alhaji ya cika shafin da farar babbar riga, sai ma'aunin ya ce haske ya yi yawa, ya rage, rigar ta koma toka-toka, fuskar ta nutse. Idonka bai ga haka ba a wurin, don ido yana gyara wa kansa nan take. Dole ka koyi ganin abin yadda kyamarar za ta gan shi, ka ƙara mata haske mataki ɗaya ko kusa da haka, ko ka kai mutumin inuwa inda tazarar riga da fuska za ta ragu. Kada ka ɗauka na'ura ba ta da ɓangare. Shekaru da dama katin gwajin launi da kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto, baturiya ce a jiki, da fatarta ake daidaita injin. Kuma don Allah ka bar ɗabi'ar nan ta wanke fuskar mutane a kwamfuta har su koma kamar an shafa musu alli. Baƙar fata a haske mai kyau ba ta bukatar taimakon kowa.

Ka ce hotunan manya suna da rai. Je ka nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako ka zauna da su. Ɗan kafinta ne, kawunsa ya kawo masa 'yar kyamarar Kodak tsaraba daga Senegal a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana. Labulen bayansa na farko zanen gadonsa ne. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake ɗaukar mutum, ba ƙari. Yi tunanin irin duban da mutum zai yi kafin ya danna in ya san dama ɗaya gare shi: ina hannun matar nan zai kwanta, yaya haɓarta za ta karkata, yaya zanen atamfarta zai zauna da zanen labulen ba tare da sun cinye fuskarta ba. Yana ajiye rediyo da agogo da Vespa don wanda yake so ya fito da su, domin ya gane cewa wanda ya zo hoto yana zuwa ne da mutumin da yake fatan zama. Duniya ba ta san shi ba sai farkon shekarun 1990, ya rasu a 2001. Kayan aikinsa ba su kai rabin naka ba.

A nan gida Najeriya akwai J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, ya tara kusan hoto dubu, da yawa daga ƙeya ya ɗauke su, bango fili babu ado. Kitso fa, abin da kowa yake gani kullum a gidansu har ya daina ganinsa. Shi ya lura cewa gini ne ake yi a ka, mai tsari da lissafi, wanda ake warwarewa bayan mako biyu ya ɓace. Wannan ya fi komai ba ni haushi game da matasanmu: kowa yana jiran ya je Dubai ko ya hau Dutsen Dala kafin ya ɗauki hoton kirki, alhali hannun mai yankan farce na ƙofar gidansu, da shunin da ya rine hannun masu rini a Ƙofar Mata, da yadda mai shayi yake ɗaga kofi sama yana zubawa, duk suna nan ba wanda ya kula. Sabo shi ne babban makantar mai hoto.

Bayan haske da tsari sai lokaci. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya fara da koyon zane kafin ya riƙi kyamara, yana da wani hoto da ya ɗauka a 1932 a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris. Wani mutum ne ya yi tsalle zai ƙetare ruwan da ya kwanta, dugadugansa saura ƙiris ya taɓa ruwan, inuwarsa tana ƙasa tana jiransa. A bangon baya akwai takardar talla mai hoton mai rawa, ita ma ta yi tsalle. Ta tsakanin katakon shinge ya saƙa gilashinsa ya ɗauka. Mutane sukan ce sa'a ce. Akwai sa'a a ciki, amma ruwan da shingen da takardar duk suna nan kafin mutumin ya iso, kuma akwai wanda ya tsaya a wurin. Yawancin aikin Cartier-Bresson da 'yar ƙaramar kyamarar Leica da gilashi ɗaya mai milimita 50, wato mai nuna abu kusan yadda ido yake ganinsa, ya yi shi.

Haka nake yi ranar hawan Daushe. Ba na bin dawakai da gudu. Tun da wuri nake zuwa in zaɓi wuri: bango mai kyau, rana tana gefe ko tana bayan mahaya don ƙurar da kofato zai tayar ta kama haske. Sai in tsaya in jira abin da zai shigo. Masu kyamara ɗari za su ɗauki sarki a ƙarƙashin laima, kuma hotonsu duk iri ɗaya zai fito. Kai duba kumatun mai algaita, duba yaron da yake riƙe da linzami yana hamma, duba tsohuwar da ta ɗaga hannu tana guɗa. In mahaya suka taho jahi, akwai ɗan lokacin da ake jan linzami, doki ya turje, hannu ya tashi sama. Wanda ya kalli hawa goma ya san lokacin kafin ya zo. Wanda ya danne maɓalli kyamara tana ta ɓarin hoto ashirin a daƙiƙa yana fatan ɗaya ya dace, shi ma wataƙila ya samu, amma bai koyi komai ba, gobe ma sai ya sake roƙon sa'a.

Akwai wani gani kuma da ba na haske ba ne, ganin mutum a matsayin mutum. A watan Maris na 1936 wata mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, Dorothea Lange, ta tsaya a wani sansanin 'yan ci-rani masu tsinkar wake a Kalifoniya, lokacin da talauci ya game Amurka, ta ɗauki wata uwa da 'ya'yanta sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya zama ɗaya daga cikin mafiya shahara a duniya. Amma ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta, ta ce ko kwabo ba ta samu ba. Ina ganin girman hoton, ina kuma ganin laifin. Mu da muke ɗaukar mutanen da za mu haɗu da su gobe a masallaci ko wurin jana'iza, ba mu da uzurin baƙo. Yi sallama, gaisa, faɗi abin da za ka yi da hoton. Matar aure ba a ɗaga mata kyamara sai da yardarta da ta gidanta. In an ce a'a, sauke. Almajiri da ƙoƙon bara ba kayan ado ba ne da za ka ɗauka don a yaba maka. In za ka ɗauke shi, san sunansa, san malaminsa, ka je ka ga yadda yake a gaban allonsa da asuba. Ba ladabi kaɗai ke nan ba, hoton ma ya fi kyau. Minti goma na farko mutum fuskar hoto yake ba ka, ya ƙame, ya gyara hula. Sai ya gaji da kai, ya koma aikinsa, sannan fuskarsa ta gaskiya take dawowa. Rai ɗin da kake nema yawanci a nan yake, kuma ba a samunsa daga nesa.

Wannan ya kawo mu kan dogon gilashin. In ƙwallon ƙafa ko tsuntsaye za ka ɗauka, saya. In mutane ne, riƙe kuɗinka tukuna. Dogon gilashi a hannun sabon shiga koya masa laɓewa yake yi, ya tsaya tsallaken titi yana satar fuskoki. Nemi mai milimita 50 wanda ba ya zuƙowa, yana cikin mafiya araha a kowane kamfani, ka bar shi a jikin kyamarar wata uku. In kana son abu ya matso, ƙafarka ta kai ka. Bayan 'yan makonni za ka ga tun kafin ka ɗaga kyamara ka san abin da zai shiga da abin da zai fita, har ka riƙa yanka hoto da ido kana cikin adaidaita sahu.

Ragowar kuɗin ka kashe a wankin hoto. Hoton da yake cikin waya yatsa yake turewa kafin ido ya gama da shi. Wanda aka manna a bango kuwa kullum sai ka wuce ta gabansa, ran nan ka ga aibin da ba ka gani ba, ko ka ga ashe wanda ka raina ya fi. Ka zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, zaure ko teburin mai shayi ko bakin rijiya, ka riƙa zuwa kullum har wata guda, wani lokaci da sassafe, wani lokaci da la'asar. Kada ka wuce ɗauka 36 a rana, kamar fim ne a ciki, kuma kada ka leƙa bayan kyamara sai ka koma gida. Ranar Juma'a ka je ba kyamara, ka zauna kawai. In watan ya cika ka zaɓi goma ka wanko su, ka rubuta a bayan kowanne ƙarfe nawa ka ɗauka da kuma ta ina haske ya shigo, ka aiko mini mu duba tare.